Na ba shi ruwan gishiri da sukari, amma gudawar ba ta tsaya ba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Yarona ɗan wata 14 yau kwanansa uku yana gudawa, ruwa tsagwaro, sau shida ko bakwai a wuni. A awon ƙarshe da muka je kilo 9 ne. Na sayo ORS a kemis, amma da na ga ba zai iya shanye lita guda ba sai na kaɗa fakitin a ruwan leda ɗaya. Ya tofar, na ƙara sukari cokali biyu don ya yi daɗi. Daga baya na koma tsiyaya masa lemon kwalba tunda shi yana karɓa. Gudawar ba ta tsaya ba, ni a ganina ma ƙaruwa ta yi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce haƙori ne, gishiri da sukari ba magani ba ne, a jiƙa masa kanwa kuma in rage ba shi nono har cikin ya ɗaure. Babansa kuma ya kawo Flagyl. Ina jin nauyin yi wa Hajiya musu. Shin da gaske ruwan nan yana aiki, ko ni ce na yi kuskure?

Wata uwa daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya.

Kafin ki ci gaba da karatu, 'yar'uwa, ajiye wayar ki duba yaron. Kama fatar cikinsa da yatsu biyu, ki ɗaga ki saki. Idan ta daɗe fiye da daƙiƙa 2 kafin ta kwanta, ko idanunsa sun zurma sosai, ko ya yi laƙwas yana barcin da ba ya tasuwa, ko ya kasa kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya dawo da shi, wannan ya wuce jinyar gida. Haka nan idan akwai jini a kashin, ko zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ki ɗauki mayafi ku tafi asibiti yanzu, ko da dare ne, kina ɗura masa ruwan da cokali a hanya idan yana iya haɗiya. Ki kuma faɗa wa ma'aikatan yadda kika haɗa ORS ɗin, ba tare da ɓoye komai ba, domin hakan zai canza irin ruwan da za su ba shi.

Idan babu ko ɗaya, to zauna mu yi magana.

Hajiya ta yi gaskiya a abu ɗaya: ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da gudawa. Ba aikinsa ba ne. Gudawar ruwa irin ta yara tana tsayawa da kanta, yawanci cikin kwana biyar zuwa bakwai. Abin da yake kashe yaro kafin lokacin shi ne bushewar jiki, kuma ruwan nan an tsara shi ne don ya mayar wa jini ruwan da ke zuba ta ƙasa. Amma yana yin hakan ne kawai idan awon ya yi daidai, kuma a nan ne naki ya kauce. Zan yi miki bayanin dalili daga tushe, don wanda ya san dalili ba ya sake kuskuren awo.

Hanjin babban mutum yana karɓar ruwa kusan lita 8 zuwa 9 kowace rana. Lita biyu ne kacal daga abin da ya ci ya sha, sauran miyau ne da ruwan tumbi da na matsarmama da na shi kansa hanjin. Duk wannan sai hanji ya tsotse shi ya mayar cikin jini, abin da ke fita a bayan gida bai kai kofin shayi ba. Masu wannan aiki su ne ƙwayoyin halitta da suka shimfiɗe cikin hanji, layi ɗaya tak, kamar tubala a jikin rijiya. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani siriri na maiƙo. Gishiri da sukari ba sa iya ratsa maiƙo, dole sai ta ƙofofi na musamman da aka gina da furotin a jikin tantanin.

Abin mamaki shi ne, jiki ba shi da wani famfo mai tura ruwa kai tsaye. Ruwa ɗan rakiya ne: ɓangaren da gishiri da sukari suka fi yawa, can yake bi. Saboda haka duk ƙwayar da take son jawo ruwa, gishiri take jawowa, ruwa ya biyo baya.

Gishirin miya abu biyu ne a haɗe, sodiyam da kuloraid. A bayan kowace ƙwayar hanji, wato fuskar da ke kallon jini, akwai wani ɗan inji da ake kira famfon sodiyam. A kowane juyi yana fitar da sodiyam uku daga cikin ƙwayar, ya shigo da fotasiyam biyu, wani sinadarin gishiri daban da jiki ke buƙata. Wannan tura kaya ne zuwa hawa, domin sodiyam ya riga ya fi yawa a waje, kusan ninki goma na abin da ke ciki. Hawa kuwa ba a yin sa kyauta. Kowane juyi yana cin ATP guda ɗaya, wani sinadari da ƙwayar ke ƙerawa daga abinci da iskar da muke shaƙa, shi ne man da take ƙonawa. Famfon nan yana cikin kusan kowace ƙwaya ta jiki, ba ya hutu dare da rana, kuma shi kaɗai yana lashe kusan ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa uku na ƙarfin da mutum ke ƙonawa yana kwance. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Christian Skou, ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa, sai bayan shekara 40 aka ba shi kyautar Nobel a kai.

Kin san yadda sumo ke tura ruwa zuwa tankin sama. Wahalar da wutar duk a hawan suke, amma da zarar ruwa ya hau, buɗe famfo kawai za a yi ya sauko da ƙarfinsa. Haka abin yake a nan. Tunda injin ya kwashe sodiyam daga cikin ƙwayar, duk sodiyam ɗin da ke cikin hanji yana ɗokin faɗawa ciki. Ƙwayar kuma ba ta barin wannan ƙarfin ya tafi a banza. A fuskarta da ke kallon abinci akwai wata ƙofa, masana na kiranta SGLT1, mai halin direban a-daidaita-sahu: kujera uku gare ta, kuma ba ta tashi sai ta cika. Biyu na sodiyam ne, ɗaya na gulukos, wato sukarin da jini ke ɗauka. Sodiyam ya zo shi kaɗai, sai ya jira. Gulukos ya zo shi kaɗai, shi ma ya jira. Da sun haɗu sai ƙofar ta juya ta zube su ciki. Ita ba ta ƙona ATP ko ɗaya, da gangarar da famfo ya haƙa take tafiya. Daga ciki gulukos ya fice ta wata ƙofar zuwa jini, famfo ya wurga sodiyam ɗin ta baya, kuloraid ya silale ta tsakanin ƙwayoyin ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Robert Crane, wani masani Ba'amurke, shi ya fara bayyana wannan tafiyar haɗin gwiwa a 1960.

To me ke faruwa lokacin gudawa? A kwalara, gubar cutar tana wangale wata ƙofar kuloraid ta yi ta kwarara cikin hanji da ruwa a bayanta, ta kuma toshe wasu hanyoyin da sodiyam ke shiga shi kaɗai. A gudawar yara ta ƙwayar cuta mai suna rota, cutar tana lalata wani sashe na ƙwayoyin hanjin ne. Amma a duka biyun ƙofar nan mai kujera uku tana ci gaba da aiki, ko duka ko isasshen kaso. Shi ya sa tsurar ruwa ko ruwan gishiri kaɗai ba sa mayar da abin da aka rasa, amma da an sa gulukos daidai gwargwado sai tsotso ya dawo, ko da gudawar na ci gaba ta ɗaya gefen. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a durom, dangin marasa lafiya na ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4 cikin ɗari. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce: yana aiki.

Yanzu ga abin da ya faru a kofinki. Fakitin ORS na lita guda, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka koma kai tun 2002, yana da gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, gishirin fotasiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9. Idan ya narke a lita cikakkiya, kaurinsa a ma'aunin masana 245 ne, na jini kuwa kusan 290. Da gangan aka yi shi ya fi jini tsinkewa, don ruwa ya karkata daga hanji zuwa jini. Ruwan leda yawanci rabin lita ne. Da kika kaɗa fakitin a leda ɗaya kaurin ya koma 490, ya haura na jini nesa. Ruwa kuwa, kamar yadda na ce, inda kauri yake can yake bi, sai ya baro jikin yaron ya shigo hanji. Sodiyam ɗin ma ya ninka, abin da kan jawo ƙishirwa mai tsanani da rigima, a wasu yaran har jijjiga. Tofarwar da ya yi ba iskanci ba ne, gishirin ne ya yi masa yawa.

Ƙarin sukarin ya ƙara dagula lissafi. Ƙofofin nan suna da iyaka, kuma kowane gulukos sai ya sami abokan tafiya. Wanda bai sami kujera ba sai ya zauna a hanji yana jan ruwa, ya wuce ƙasa da shi. Lemon kwalba shi ne mafi muni: sukarinsa kan haura giram 100 a lita, sodiyam kuwa kusan babu. Fasinja ɗaya ne ya cika tasha, sauran biyun ba su zo ba. Ganin da kika yi cewa gudawar ta ƙaru ba idonki ba ne, ta ƙaru ɗin. Lemon kwali da maltina da shayi mai zaƙi duk hukuncinsu ɗaya. Kada ki zargi kanki da yawa, kuskure ne da iyaye masu kula suke yi, don tunanin cewa mai kauri ya fi ƙarfi tunani ne da ke aiki a kunu da miya.

Ga gyaran. Zubar da wanda kika haɗa. Wanke hannu da sabulu, ki karanta bayan sabon fakiti, domin akwai na lita guda akwai na rabin lita. Idan na lita ne, ki duba ledar ruwan ki tabbatar 50cl aka rubuta, ki juye biyu a jug mai murfi, ko ki auna lita guda na tafasasshen ruwa da ya huce. Juye fakitin duka, ki motsa har ya narke. Kada ki raba garin biyu da ido don tsimi, abubuwa huɗun nan ba sa rabuwa daidai. Kada ki ƙara komai, kada ki tafasa bayan haɗawa. Ba dole ne ya shanye litar ba. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Asarar rabin jug ta fi kwana a gadon asibiti araha.

Yaro ƙasa da shekara biyu, bayan kowace gudawa a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rubu'i zuwa rabin kofin shayi babba. Da cokali, ba da bulumboti ba, cokalin shayi ɗaya kowane minti ɗaya zuwa biyu, yana zaune a cinyarki. Idan ya riga ya fara nuna bushewa, yana ta rigima, yana wawurar ruwa, ido ya ɗan faɗa, lissafin shi ne mililita 75 a kowane kilo cikin awa huɗu. Ga mai kilo 9 ya kama 675, cokalin shayi 135 ke nan. Aiki ne na zama wuri ɗaya, kuma a irin wannan matakin ya fi kyau a yi shi a asibitin sha-ka-tafi inda za a riƙa duba shi. Idan ya yi amai, ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali fiye da da. Amai ɗaya ba ya fitar da duk abin da ya shiga. Tunda ya sha mai kauri jiya, ki riƙa ba shi tsaftataccen ruwa da nono a tsakani duk lokacin da ya nema. Alamar cewa kina cin nasara ba tsayawar kashi ba ce. Fitsari ne, da hawaye idan ya yi kuka, da jiƙewar baki, da dawowar wasa.

Idan dare ya yi babu fakiti, haɗin gida shi ne sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi a lita guda, kowane cokali a shafe bakinsa, ba da tozo ba. Ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Sukarin ya fi na fakiti yawa saboda sukarin shayi rabinsa ne kawai gulukos, sai hanji ya fasa shi biyu. Wannan na wucin gadi ne, domin babu fotasiyam a ciki, kuma kin ga famfon nan da fotasiyam yake juyawa. Gudawa na kwashe fotasiyam sosai. Idan ya yi ƙasa yaro kan yi sanyin gaɓɓai, ciki ya kumbura, bugun zuciya ma kan rikice. Ayaba da aka dama, ruwan kwakwa, da dankali suna taimakawa.

A nan ne maganar kanwa ta shigo. Ana kiranta fotash a kasuwa da littattafai, sai mutum ya ɗauka fotasiyam ce. Ba haka ba ne, mafi yawanta gishirin sodiyam ne irin dangin bekin soda na kumbura burodi, ga ƙasa da datti, kuma ba wanda zai iya faɗa miki nawa ne a jiƙo ɗaya. Yaron da ya riga ya sha sodiyam ninki biyu, ƙara masa kanwa haɗari ne. Wannan kam a'a.

Nono kuwa ƙarawa za ki yi, ba ragewa ba. Ruwa ne mai tsabta, yana ɗauke da kariya daga cuta, kuma sukarin da ke cikinsa idan ya fashe yana ba da gulukos da ɗan'uwansa galaktos, duka biyun ƙofar nan suke hawa. Abinci ma kada a tsayar. Ƙwayoyin hanji suna sabuntawa ne cikin 'yan kwanaki, kuma da abinci suke ginuwa su samar da ATP ɗin da famfo ke ci. Kunun shinkafa ko na gero da ɗan gishiri kaɗan yana da wata fa'ida: sitaci yana sakin gulukos sannu a hankali, ba ya kaurara ruwan hanji kamar sukari. Kaɗan-kaɗan, sau shida a wuni, da ɗan mai ko ƙuli ko kifi a ciki, sannan bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kullum har mako biyu.

Abin da ya kamata babansa ya sayo shi ne zink. Miligiram 20 sau ɗaya a rana, kwana 10 zuwa 14, ga yaron da ya wuce wata shida. Na ƙasa da haka miligiram 10. Ana narkar da ƙwayar a cokalin nono ko ruwa. Yana rage tsawon gudawar da tsananinta, yana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa, shi ya sa ake cinye kwanakin ko da yaro ya warware a rana ta uku. Flagyl ba ya taɓa ƙwayar rota, sai dai ya ƙara tashin zuciya ya hana yaro sha. A ajiye shi sai likita ya ce. Magungunan ɗaure ciki irin su loperamide kuma ba a ba ƙananan yara: suna tsayar da motsin hanji ne, ruwan na nan yana taruwa a ciki, ido bai gani ba.

Akwai togiya ɗaya mai muhimmanci. Idan yaro na da tamowa mai tsanani, ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, famfon sodiyam ɗinsa ya riga ya yi sanyi saboda ƙarancin mai. Ƙwayoyinsa sun cika da sodiyam, fotasiyam ya zube. ORS na kowa zai iya yi wa zuciyarsa nauyi. Irin wannan yaro a asibiti ake ba shi wani haɗi daban mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da yawan fotasiyam. Kilo 9 a wata 14 ba ya nuna haka, amma ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku ki gani ko wurin zai lotsa.

Saura Hajiya. Maganar haƙori ba daga sama ta zo ba, ta ga yara da yawa suna gudawa a daidai lokacin fitar haƙori. Dalilin shi ne a wannan shekarun ne yaro ke rarrafe, yana kai komai baki, ya fara cin abincin gida, kariyar da ya gado daga uwa kuma tana raguwa. Haƙorin da gudawar tare suke zuwa, amma ba shi ke kawo ta ba. Ko ma a ce haƙorin ne, ruwan da ya zuba dole a mayar da shi, kuma wannan ita ce maganar da za ki tsaya a kai, don ba ta ƙaryata kowa. Ni ban ga amfanin ki tsaya gardamar sunan ciwo da surukarki ba. Ki yi wa maigida bayani ku biyu, shi ya gaya wa mahaifiyarsa cewa a asibiti an hana kanwa da rage nono. Daga bakin ɗanta zai fi sauƙin shiga. Sannan ki roƙe ta ta taimaka miki da ba shi, ki ce hannunta ya fi naki saba wa yara. Cokali 135 yana son mutum biyu, kuma kakar da ta riƙe cokalin ita za ta fara ganin fitsarin ya dawo.

Idan kwana biyu suka wuce da haɗin daidai babu sauƙi, ko gudawar ta doshi mako biyu, ko kashin ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa, ku koma asibiti. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya sami ɗigon rota, wanda ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya a 2022. Ƙaninsa in Allah ya kawo, daga mako shida ake farawa.